Yadda Ake Zagaya Yankin Cajun Da Iyali A Mota

Kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka akwai wasu mutane da ake ce ma Cajun, jikokin Faransawan Akadiya ne da Turawan Ingila suka kora daga gabashin Kanada a 1755, suka yi ta gararamba har wasunsu suka zo suka yada zango cikin fadamomin nan. Yankin nasu ana kiransa Acadiana. In kana zaune a Amurka ko ka je hutu da madam da yara, tafiya ce mai sauƙi, sharaɗin kawai kada ka yi ta da gaggawa.

Da farko ka zaɓi lokaci. Maris zuwa Mayu ya fi, zafi bai taso ba kuma kakar crawfish ce, wato ɗan jatan landen ruwan daɗi da suke ji da shi. Oktoba ma ba laifi. Amma tsakiyar bazara kam zufa da sauro za su sa yara su tsani tafiyar, ga shi daga Yuni har ƙarshen Nuwamba lokacin guguwa ne, dole kana leƙa hasashen yanayi.

Sai mota. Ka ɗauki haya a New Orleans ka hau babbar hanyar I-10 ka miƙe yamma, wajen mil 135 ne zuwa Lafayette, awa biyu da ɗan wani abu in birnin Baton Rouge da ke kan hanya bai riƙe ka da go-slow ba. Kafin ka hau gadar Atchafalaya ka sha mai, kowa ya zaga bayi, don gadar ta kai mil 18 a kan ruwa da itatuwa kuma mafita biyu kacal gare ta, a kan gadar kanta ba a yin fakin kawai don ƙaramin ya matsu. Dokar jihar ta ce yaron da bai kai shekara 13 ba a baya zai zauna, ƙanana kuma sai da kujerarsu, ka nemi kujerar tun wajen haya.

Ka kama masauki ɗaya a Lafayette kwana uku, kullum ku fita ku dawo, duk garuruwan kusa suke. Masu yara sun san wahalar kwashe kaya kowace safiya.

Ranar farko ta tarihi ce. Ku fara da Acadian Cultural Center, kyauta ake shiga, ka tambayi ma'aikatan littafin Junior Ranger, yaro ya cike a ba shi baji, wallahi wannan ɗan bajin kaɗai yana sa su nutsu. Kusa da shi Vermilionville yake, ƙauye ne da aka shirya irin na da a bakin ruwa, za ku ga maƙeri yana dukan ƙarfe, mata na kaɗi da saƙa, ga ajin makaranta na zamanin da ake hukunta yara in sun yi Faransanci, don tsarin mulkin jihar na 1921 ya tilasta Turanci a makarantu. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru a nan za ku more, ku gwada Faransancinku da dattawan wurin, nasu ya ɗan sha bamban amma za a fahimci juna kuma suna jin daɗi sosai.

Rana ta biyu ku yi sammako zuwa tafkin Martin kusa da Breaux Bridge a shiga kwalekwale mai inji. Ka kira tun jiya ka kama wuri. Kadoji za ku gani kwance kan gungume suna shan hantsi, wani idonsa kawai ke saman ruwa, ga balbela fari fat a kan dogayen itatuwa masu wani irin gansakuka da ke reto. Ka ja wa yara kunne, hannu ba ya fita daga jirgi, kuma ba a jefa wa kada abinci. Maganin sauro, hula, ruwan sha.

Yanzu maganar abinci, nan ne sai an buɗe ido. Girkin Cajun akwai daɗi amma alade ya shiga kusan ko'ina. Boudin da za ka gani ana sayarwa har a gidan mai, naman alade ne da shinkafa, cracklin ma fatarsa ce. Gumbo, wato miyarsu, da jambalaya, irin dafa-dukarsu, yawanci ana yanka tsiren alade (sausage) a ciki ko da an rubuta na kaza ne. Har tukunyar crawfish wasu na jefa shi tare da masara da dankali. Saboda haka kada ka ji nauyin tambaya: akwai sausage a ciki? da wane mai aka soya? Ka nemi gumbo na kayan ruwa zalla, in mai kuɓewa ne zai tuna maka miyar gida, ko crawfish étouffée, wato miyar crawfish, kan shinkafa, ko soyayyen tarwaɗa. Cin crawfish kuma hannu ake sa wa, ka murɗe kan ka ɓare wutsiyar, ka ce a rage wa yara yaji. Akwai masallaci a Lafayette in Juma'a ta riske ku.

Rana ta uku Avery Island, inda iyalan McIlhenny ke yin yajin Tabasco tun 1868. A ga gangunan da barkono ke kwana shekaru, sannan a zaga lambun Jungle Gardens cikin mota. A hanyar dawowa ku tsaya St. Martinville ku ga bangon da ke ɗauke da sunayen Akadiyawan da suka iso.

Kiɗa kuwa ba sai an je mashaya ba. Ranar Asabar da safe ana haɗuwa a shagon kayan kiɗa na Savoy da ke garin Eunice, tsoffi da matasa da akodiyon da goge, ka zauna ka saurara kawai. In a ƙarshen Afrilu kuka zo akwai Festival International a tsakiyar Lafayette, kyauta ne, ku je da rana da tabarma ku bar wurin kafin dare ya yi, cunkoson ba na keken jarirai ba ne.