Yadda Ake Tsara Gwajin Sauraro Domin Kwatanta Manhajojin Matse Sauti

Idan ana son kwatanta manhajojin matse sauti masu ƙarancin jinkiri (wato lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya isa ga mai sauraro), irin su Opus da AAC-ELD, a fara da daidaita musu yawan bit (ƙwayoyin bayanai) a daƙiƙa da tsawon jinkiri, domin wadda aka ba fili mai yawa za ta yi nasara a banza.

Hanyar da aka fi bi ita ce MUSHRA, wato gwajin sauraro bisa ƙa'idar ITU-R BS.1534 ta hukumar sadarwa ta duniya. Ana ba mai sauraro sautin asali, a ɓoye kwafinsa cikin waɗanda aka matse, a haɗa da wasu kwafi biyu da aka dushe da gangan ta hanyar yanke siraran sautukan da suka haura 3.5 da 7 kHz (ma'aunin sirantar sauti), sannan ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 ba tare da ya san wanne ne wanne ba. A zaɓi gutsattsarin sauti na kimanin daƙiƙa 10: muryar mace, muryar namiji, da kiɗa mai kaifin bugu, domin a nan ake jin ɗan shuu da ke riga bugun fitowa. Wanda ya yawaita ba ɓoyayyen asalin maki ƙasa da 90, a ajiye sakamakonsa gefe.

Shi kuwa jinkirin, wannan gwaji ba ya auna shi. Sai an haɗa mutum biyu suna hira ta layin da ke amfani da manhajar.