Yadda Ake Zaɓe Tsakanin "To Go" da "Going" a Jimlar Turanci

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, da ma'aikacin da ke rubuta wasiƙar neman aiki, duk sukan tsaya a wuri ɗaya: idan aikatau biyu suka haɗu a jimla, na biyun zai zo da "to" a gabansa ne, ko zai ɗauki "-ing" a ƙarshensa? Masana nahawun Turanci suna kiran sigar farko infinitive, ta biyu kuma gerund. Amsar ba ta cikin kalmar da ake shakka a kanta, tana cikin kalmar da ta gabace ta, saboda haka can ya kamata ido ya fara sauka.

Mataki na farko shi ne a duba ko abin da ya gabata ɗaya ne daga ƙananan kalmomin nan irin su in, on, at, of, about, after, before da without. Idan haka ne, magana ta ƙare, "-ing" za a sa: "She is good at cooking", "He left without paying". Wannan ƙa'ida tana da ƙarfi ƙwarai, kuma ita kaɗai tana warware kaso mai yawa na matsalar.

Sai dai akwai tarko a nan wanda ya cancanci a daɗe a kansa, domin wani lokaci "to" ɗin kanta tana cikin jerin waɗannan ƙananan kalmomi. Shi ya sa ake rufe wasiƙa da "I look forward to hearing from you", ba "to hear" ba, ko da yake kuskuren ya yawaita a wasiƙun ofis har kunne ya saba da shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a gwada sa suna bayan "to". Tun da ana iya cewa "I look forward to the holiday", to, "-ing" ce za ta biyo baya. Haka abin yake ga "object to" da "be used to". A lura kuma cewa "I am used to waking early" na nufin na saba da tashi da wuri, alhali "I used to wake early" na nufin a da nakan tashi da wuri, yanzu na daina.

Mataki na biyu, idan aikatau ne ya gabata, sai a tambaya ko wane gida ya fito. Want, decide, hope, plan, promise, agree da refuse suna tafiya da "to", kuma galibinsu suna hangen abin da bai faru ba tukuna. Enjoy, avoid, finish, mind, deny, consider da suggest kuwa "-ing" suke so. Hangen gaban nan taimako ne kawai ga ƙwaƙwalwa, bai kai doka ba, tun da "suggest" ma gaba yake kallo amma "I suggest leaving now" ake cewa. A ganina babu makawa sai an haddace su, kuma haddar ta fi zama idan an riƙe kowane aikatau cikin gajeriyar jimla maimakon a jere su tsirara.

Begin, start da continue suna karɓar kowace siga ba tare da ma'ana ta sauya ba, don haka kada a ɓata lokaci a kansu.

Mataki na uku ya fi kowanne buƙatar natsuwa, domin akwai aikatau 'yan kaɗan da ke karɓar sigogin biyu amma ma'ana ta juya. "He stopped smoking" na nufin ya daina shan taba, "He stopped to smoke" kuma ya tsaya ne domin ya sha. "I remember locking the door" tuna abin da aka riga aka yi ne, "Remember to lock the door" kuwa gargaɗi ne kan abin da ke gaba, kuma forget ma haka yake rabuwa. "Try to open the window" ƙoƙari ne kan abu mai wuya, yayin da "Try opening the window" shawara ce ta a gwada ko zafin ɗakin zai ragu. A nan mai rubutu zai tambayi kansa abin da yake nufi kafin ya zaɓa.

Mataki na ƙarshe shi ne a sake karanta rubutun ana neman wuraren da "to" ta shiga ba a gayyace ta ba, ko ta faɗi inda ake buƙatarta. Bayan kalmomin "can", "must" da "should" ba a sa ta, haka nan bayan make da let: "The teacher made us stand". Enable da allow kuwa, idan an ambaci wanda aka ba damar, ba sa rabuwa da ita, saboda haka "to enable me travel", wanda ake yawan gani a takardun neman izini a Najeriya, gyaransa shi ne "to enable me to travel".