Jiri da ƙarar kunne: a rubuta tun kana cikin kaki

'Yan'uwanmu da suka samu katin zama na dindindin a Amurka, wasunsu kan shiga soja, tunda yana gajarta hanyar zama ɗan ƙasa. Wanda ya shiga ya sani, duk larurar da aiki ya jawo masa, ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, tana biyan diyyarta duk wata, ba a cire haraji. Sai dai VA ba ta san "kowa ya shaida" ba, takarda take karantawa.

Ciwon cikin kunne yana da wuyar tabbatarwa don ba ya jini, ba ya kumburi. Can ciki ne abin da ke riƙe daidaiton jiki yake, kuma fashewar bam ko bugun kai kan taɓa shi. Har maganin zazzaɓin cizon sauro mefloquine, da aka riƙa bai wa sojoji, a 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi cewa yana iya barin mutum da jiri na dindindin. In ka sha shi, ka tabbata yana cikin fayil ɗinka.

Inda muke cutar kanmu shi ne dauriya. Mutum ya ɗago daga sujada ɗaki na juya masa, ya dafa bango, ya ce yunwa ce ko rashin barci. Ya juya a gado cikin dare ya ji kamar za a kifar da shi, gari ya waye ya tafi fareti. Shekara biyar bayan sallama ya nemi diyya, a duba fayil a ga bai taɓa kai kuka asibitin bariki ba. Ka je, ko sau ɗaya ne, a rubuta.

VA kan auna kowace larura da kashi cikin ɗari, da shi ake lissafa kuɗin diyya. Ƙarar kunne kashi 10 ce, ko kunne ɗaya ko biyu. Jiri jefi-jefi kashi 10, in har da tangaɗi kashi 30, amma sai gwajin likita ya nuna matsalar. Cutar Meniere, mai haɗa hajijiya da raguwar ji, daga 30 take, ta kai 60 ko 100 gwargwadon yawan tasowarta. Saboda haka ka ajiye ɗan littafi: rana, tsawon lokaci, ko ka yi amai, ko ka faɗi, ko ka fasa tuƙi.

Ranar gwajin VA likita zai tambaye ka ya jiki. Kada ka ce da sauƙi, ba dubiya ya zo ba, kuma abin da ka faɗa shi zai rubuta. Ka ba shi labarin ranar da ta fi muni, ba ƙari ba ragi. Maiɗakinka ko abokin aikin da ya ga ka faɗi na iya rubuta shaida a fom 21-10210.

Fom ɗin nema 21-526EZ ne, ana iya shigar da shi saura kwana 180 zuwa 90 a sallame ka. In aka hana ka, kana da shekara guda ka ɗaukaka ƙara. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW kyauta suke cike takardun nan, don haka mai cewa ka kawo kuɗi tun a neman farko, ka rabu da shi.