Mai gida ya zama lebura: kurakuran masu sa hannu a ginin gidansu

Ranar Asabar da ta wuce na biya ta wajen ginin wani ƙanen abokina a bayan Ɗanbare, a Kano. Na tarar da shi daga shi sai singileti, shebur a hannu, ya jera bulon da suka buga shekaranjiya a tsakiyar rana, yana ta murna. Na tsuguna na murza gefen guda ɗaya da babban yatsa, sai ga yashi yana zubowa kamar garin kwaki. Shi ne mutum na huɗu da na gani da wannan ɓarnar a bana, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na huta da maimaita magana.

Ba hana kowa nake yi ba. Tun da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, duk mai albashin da ke gini dole ya nemi inda zai rage kuɗin aiki. Ni ma haka na gina nawa, ɗaki uku da falo, shekara huɗu ina fama. Abin da na koya shi ne, mai gida ya fi son ya karɓi aikin da ba nasa ba, ya bar wanda shi kaɗai ne zai iya yinsa da gaskiya.

Bari in fara da bulo, don shi ne ya fi cin kuɗina. Na ari injin bugawa na hannu, na ɗauki yara biyu, na ce ai ba wani ilimi ba ne. Buhu ɗaya nake fitar da bulo mai inci tara har hamsin, ina lissafin ribar da na ci. A watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Mukan yayyafa ruwa sau ɗaya da yamma, ranar da mai kura bai zo ba kuwa sai mu ce gobe ma rana ce. Bulo kusan dubu da ɗari biyu muka tara. Ranar da za a fara ɗora gini, dattijon birkilan da na ɗauko ya ɗaga guda zuwa ƙirjinsa ya sake shi. Ya tarwatse. Ya ɗauki na biyu, shi ma haka. Ya karkaɗe hannu ya ce, "Malam, in dai da wannan ne, nemi wani. Ni ba zan ɗora abin da zai faɗo wa 'ya'yanka ba." Na ce, "Haba Baba, ai filasta za ta rufe." Ko kallona bai yi ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma har yau mutane ba sa son ji: siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Ruwa yake sha, a hankali yana kama yashin, har kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. In rana ko iskar hunturu ta zuƙe ruwan a kwana biyun farko, shi ke nan, ba zai kai cikakken ƙarfinsa ba, ko da daga baya ka juye masa kogi. Yanzu ni ba na wuce bulo talatin a buhu in mai inci tara ne. Wasu maginan za su ce talatin da biyar ma ya yi, ban yi musu da su ba, amma ni an sare ni sau ɗaya, igiya ma tsoronta nake ji. Yashi kuma mai kaifi, na rafi, ba jar ƙasar da aka kwaso daga kududdufi ba. Damƙi shi a hannu, in ya dunƙule ya bar maka laka a tafi, mai da wa mai tifa kayansa.

Ban ruwa, wannan shi ne aikin mai gida na gaskiya, kuma shi ne kowa ke barin wa almajiri ko maigadi. Ka tashi bayan asuba ka jiƙa, ka dawo da la'asar ka jiƙa, kwana bakwai a jere, ba fashi. Bulo, ginshiƙi, linta, dekin, filasta, duk ɗaya. Ni tsofaffin buhunan algarara nake jiƙawa in lulluɓe, dekin kuwa a kewaye bakinsa da yashi a tara ruwa a kai. Wai mutum zai iya kwana yana ciniki a Ƙofar Ruwa don a rage masa naira ɗari biyu a kan rodi, amma ya kasa sayen jarka goma ta ruwa! Wannan ba tattali ba ne, rowa ce da ba ta san inda ke mata ciwo ba.

Na biyu da ya ƙona min rai shi ne famfo. Na kalli yadda ake haɗa bututun roba a waya, na ga ai shafa gam ne a zura. Na shimfiɗa na banɗaki da kaina, aka zuba kankare, aka sa tayil mai tsada wanda uwargida ta zaɓa. Wata biyar da tarewa sai bangon ɗakin yara ya fara tsatsafo da danshi, fenti yana kumbura yana ɓarewa. Gwiwar bututu ɗaya ce ban goge ƙurar bakinta ba kafin in sa gam. Sai da aka fasa rabin banɗakin kafin a gano ta, irin tayil ɗin kuma ya ƙare a kasuwa. Har gobe banɗakina kala biyu ne, duk baƙon da ya shiga sai ya fito yana tambaya. Ƙa'idata tun daga ranar: duk abin da za a binne a bango ko a ƙasa, ba na taɓawa. In kuma mai famfo ya gama, a toshe bakuna, a cika tanki, a bar ruwa ya kwana a ciki. In an wayi gari ba ɗigo, sannan a rufe. Ka ɗauki hoton bangon da wayarka kafin filasta, wata rana za ka so kafa ƙusa.

Wayarin wuta ma kada ka fara. Famfo bango zai jiƙa maka, wannan kuwa gobara ce. Naka shi ne ka je ka sayo wayar da kanka, ka tabbatar tagulla ce ba wadda aka yi wa rufi ba.

Jan igiyar fandesho, bar wa mai sana'a, amma ka tsaya ka auna kowace kusurwa: ƙafa uku a wannan gefe, huɗu a wancan, tsakaninsu ya ba da biyar. In bai ba da ba, kusurwar ta karkace, kuma mai tayil ne zai tona asirin. Ka kuma ɗaga fandeshon sama da titi sosai, don ranar da aka zo zuba kwalta titin zai tashi, ruwan Agusta ya dawo falonka.

Sauran ƙanana ne. Kada a jibge siminti a kan daɓe, a sa katako a ƙasa, kuma kada ka saya da yawa ana damina. Katakon rufi in ka ɗauko daga Na'ibawa a shafe shi da maganin gara kafin ya hau, ni har baƙin mai nake ƙarawa. Katakon da ya tallafe dekin ya yi sati uku, ko kafinta na kukan yana da wani aikin. Sokawe ya yi nesa da rijiya, taka da ta maƙwabci. Takardar izinin gini a nema tun kafin a sauke tifar farko, jan fentin da hukuma ke shafa wa ginin da ba shi da izini ba ado ba ne. Fenti kuwa yi abinka, shi ne aikin da ko ka ɓata za ka sake, sai dai ka bar filasta ta yi wata guda tukuna.

Gayyar 'yan uwa ranar zuba dekin tana da daɗi, ga shinkafa da wake ga raha, amma a sa mutum ɗaya yana ƙirga kwanon sarki: ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. In ba haka ba, da hantsi ya yi gajiya ta kama su, ruwa za su riƙa ƙarawa don kwaɓin ya yi sauƙin ɗauka.

Shi dai ƙanen abokin nan nawa, da na gama yi masa faɗa sai ya ce, "Yaya, guda ɗari uku ne fa, ko in yi katanga da su?" Na ce katangar ma a bakin hanya take, yara na wucewa. Mun yi da shi za a farfasa su a yi cikon tsakar gida, Asabar mai zuwa kuma zan kawo masa buhunan algarara.