Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta manhajar sadarwa a kan Ubuntu Core

Matasan da ke haɗa ƙananan na'urori a nan Maraɗi, ko na sayar da tikitin wayifai ne ko na lura da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, kukansu kusan ɗaya ne: manhaja ta yi aiki sumul a kwamfuta, an ɗora ta kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai Ubuntu Core, wato nau'in Linux na ƙananan na'urori, ta ce ba ta san zancen ba.

Yawanci daga rubutu a inda ba a rubutu ake farawa. A Ubuntu Core ana ƙunshe manhajar ne a ƙunshin da ake kira snap, cikin tsarin fayil na SquashFS, wanda karantawa kawai ake yi. Idan ta nemi ajiye saitinta a inda aka girka ta, amsar EROFS za ta samu, wato wurin na karatu ne kawai. Nan sai ka ga mutum ya hau sudo da chmod 777 don tilasta izinin rubutu. Wahalar banza ce, ko kai ne root, mai cikakken iko a kan na'urar, babu ƙofar rubutu a wurin. Ma'ajiyar da aka ware maka don rubutu ita ce SNAP_DATA, wadda ake kwafewa duk lokacin da sabon zubin manhajar ya sauka, ko SNAP_COMMON idan bayanan suna da nauyi.

Wanda ya fi cin mutane shi ne yin gwaji duka a devmode, wato yanayin gwaji na masu rubuta manhaja. A can ba a hana manhaja komai, rubuta laifinta kawai ake yi a ƙyale ta. Ranar da aka koma strict, wato yanayin cikakken tsaro, sai AppArmor da seccomp, masu gadin Linux, su tare hanya. Dole ka bayyana izinin da kake so: network don fita intanet, network-bind don sauraron masu shigowa. Waɗannan biyun suna haɗuwa da kansu, amma network-control, wanda ake buƙata wajen taɓa adireshi ko hanyoyin rezo, sai ka haɗa shi da kanka da umarnin snap connect. Kuma don Allah a riƙa duba journalctl, mai nuna rahoton abin da ke faruwa a na'urar, kafin a ɗora wa rezo laifi. Layin da ke ɗauke da DENIED yana faɗin abin da aka hana, manhajar snappy-debug ma har shawarar izinin da ya dace yake bayarwa.

Sai batun wuta, wanda mu nan ba sai an yi mana bayani ba, balle a watan Afrilu da Mayu. Duk abin da ka ajiye a /run yana cikin RAM ne, da an ɗauke wuta ya tafi. Fayil ɗin saiti kuma kada ka rubuta a kansa kai tsaye, don wuta na iya yankewa a bar ka da rabi. Rubuta sabo a gefe, ka kira fsync don ya sauka a kan ma'ajiya, sannan ka yi rename ya maye gurbin tsohon.

Agogo ma yana da nasa. Raspberry Pi 4 ba shi da agogo mai batir, shi ya sa yake tashi da lokacin da ya wuce, TLS kuma, mai tsare haɗin intanet, ya ƙi takardar shaidar sabar. Wasu sukan kashe tantance takardar gaba ɗaya, su jefar da tsaron da aka sayi tsarin dominsa. Jira NTP, mai karɓo lokaci daga intanet, ya daidaita agogon, ko ka saka agogo mai batir irin DS3231.

Kada kuma ka ɗauka rezo ya riga manhajarka tashi. Ta riƙa sake gwada haɗi, tana ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji. Layin salula yakan yanke haɗin da ya yi shiru ba tare da sanarwa ba, Linux kuwa sai bayan daƙiƙa 7200 yake aika saƙon keepalive na farko, mai duba ko haɗin yana nan, shi ma idan ka kunna shi. Rage wannan jiran da saitin TCP_KEEPIDLE, ko, idan da tsarin aika saƙo na MQTT kake aiki, ka saita keepalive ɗinsa zuwa daƙiƙa 60.