Yadda ake sassaƙa taketombo, farfelar gora ta yaran Japan

Cikin kayan wasan gargajiya na Japan, taketombo ne ya fi dacewa a koya wa yaran Kano, domin ba ya buƙatar batir ko injin kafinta, kuma yaron da ya iya haɗa motar kara ya riga ya mallaki rabin gwanintar. Farfela ce ta gora mai fukafukai biyu a kan siririn tsinke, wadda ake murzawa da tafin hannu ta tashi sama. Asalinta daga Sin ne, amma ta bazu a Japan a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868.

A nemi busasshiyar gora mai kauri, a tsaga sili mai tsawon santimita 12, faɗin santimita 2, kaurin milimita 3, daga tsakanin gaɓa da gaɓa. Ɗanyar gora tana lanƙwashewa idan ta bushe, wadda kuma hunturu ya tsattsaga ba ta da amfani. Tsinken tsire sabo, miƙaƙƙe, mai tsawon santimita 15, ya isa ya zama mariƙi. A Japan an saba yin aikin da ƙaramar wuƙar higonokami da ake ƙerawa a garin Miki. A nan kowace wuƙa mai kaifi za ta yi.

A fara da auna tsakiyar silin daidai, a huda shi da basilla a hankali, ana juyawa ba tare da dannawa ba, don kada gorar ta dare.

Fiƙar fukafukan ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. A shimfiɗa silin a gicciye. A ɓangaren dama, a kankare saman gefen da ke kusa da kai, sannan a kankare ƙasan gefen da ke nesa, har fiffiken ya karkata, bakinsa na nesa ya fi na kusa tudu. Sai a juya silin, hagu ya dawo dama, a maimaita hakan. Wannan karkata ce ke tura iska ƙasa yayin juyawa, farfelar ta ɗaga. An tsara bayanin ne don mai amfani da hannun dama. Bahago sai ya sauya gefen. A bar tsakiya da kaurinta, a goge sauran da samfefa.

Bayan an cusa tsinken a tsaye sosai an ɗiga gam, a kwantar da shi a bakin kofi a lura. Fiffiken da ya rinjaya ƙasa shi ne mai nauyi, a ƙara goge shi kaɗan-kaɗan har su daidaita. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, shi ya sa tasu ke rawa ta faɗo nan take.

Wajen harbawa, a fita fili, a miƙa hannuwa nesa da fuska, a ɗan karkatar da tsinken gaba, a riƙe shi tsakanin tafuka kamar maburgi. A tura hannun dama gaba da ƙarfi sau ɗaya, a sake. Kada a harba ta wajen da yara suka taru, saboda bakin fiffiken yana iya yi wa ido rauni.