Ku fara da lambar soja kafin suna

Jama'a, duk mai son bin sawun kakansa da ya yi sojan ƙasa a lokacin yaƙi, ya fara neman lambarsa ta soja. Suna yakan ɓatar da mutum, domin magatakarda sukan rubuta shi yadda kunnensu ya ji, ga kuma takwarori birjik. Ku duba takardar sallama, littafin albashi, ko lambar yabo. Lambobin yabon da Birtaniya ta bayar na Yaƙin Duniya na Ɗaya, an buga suna da lamba da runduna a jikinsu.

In an ce babu fayil ɗinsa, kada ku karaya. Ruwan bama-baman 1940 a Landan ya ƙone mafi yawan takardun sojojin Birtaniya na yaƙin farko, gobarar 1973 a St. Louis kuma ta lashe miliyoyin fayilolin sojojin Amurka. Sai ku koma ga littafin da bataliyarsa ke rubuta abin da ya faru kowace rana. Da wuya ku ga sunan farabiti a ciki, hafsoshi ne suka cinye shafukan, amma za ku san inda ya kwana da ranar da aka gwabza.

Wanda ya faɗi a fagen daga ƙarƙashin tutar Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya ko na Biyu, ku neme shi a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, binciken kyauta ne.